Jika ɗari huɗu da motar da ta maƙale a Maraɗi

Lamarin da zan kawo na wasu aminai biyu ne, ɗaya Bakano mai ƙaramin shago a Kantin Kwari, ɗayan kuma mutumin Maraɗi da ke shigowa sarin atamfa da shadda. Da ni aka yi tafiyar da ta haifar da rigimar, da ni kuma aka zauna aka warware ta daga baya, don haka abin da ido ya gani zan faɗa. Suna dai ba zan kama ba, in na ce mai motar toh Bakanon nake nufi, in na ce Alhaji kuma na Maraɗin ne. Tambayar da ke ciki guda ɗaya ce: amininka ya ranta maka sefa, kai kuma da naira kake ci kake sha, kafin ka biya nairar ta faɗi warwas, toh nawa ake bin ka?

Amincin nasu ya haura shekara goma. Da farko ciniki ne kawai, Alhaji ya zo ya sari kaya ya tafi, a hankali sabo ya shiga har ya zama in ya shigo Kano gidan mai motar ne masaukinsa, ɗakin zaure kowa ya san nashi ne, yara na ce mishi Baba na Maraɗi, matansu ma suka ƙulla nasu zumuncin, wannan ta aiko da cuku da kilishi da dabino waccan ta mayar da turaren wuta da yajin daddawa. Wanda ya san Maraɗi kuwa ba zai yi mamakin haka ba, nan ne sarakunan Katsina na Haɓe suka koma suka kafa sarautarsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa, kuma daga Katsina zuwa can bai kai kilomita ɗari ba, da wuya ka sami gida a garin da ba shi da ɗan'uwa a wannan ɓangaren.

Alhaji ya daɗe yana ƙorafi wai kullum shi ne mai zuwa, mu ba mu taɓa taka ƙofar gidansa ba. Sai ga bikin ƙanensa ya taso a Yamai bayan Babbar Sallar 2023, wadda aka yi a ƙarshen watan Yuni, ya ce wannan karon babu uzuri. Lokacin ana cikin zafin cire tallafin mai, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta koma sama da 500 tun ƙarshen Mayu, amma mai motar ya ce da motarsa za mu, don ya fi son ya tsaya inda ya ga dama. Muka bi ta Katsina muka fita ta Jibiya, a Magama aka duba takardu, ba a buƙatar biza tunda duk ECOWAS ce a lokacin, katin shaida ne da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, ita kuma motar 'yan duwan suka yanka mata lasifase, takardar da ke ba motar waje izinin zama na ɗan wa'adi. Ku riƙe maganar takardar nan don za ta dawo.

Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi ba nisa. Muka kwana gidan Alhaji washegari muka kama hanyar Yamai, tafiyar kilomita ɗari shida da wani abu ce, Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi garin albasa, Malbaza mai kamfanin siminti, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kafin ka shiga Yamai ka wuce ta wajen Kure inda raƙuman dawa suke. Tafiya ce mai daɗi wallahi, damina ta fara zama ƙasa ta yi kore, hira ba ta yanke ba. Abin da ya shafi lamarinmu a cikinta shi ne tun daga Ɗan Isa Alhaji ya hana kowa taɓa aljihu, mai, kuɗin hanya, gasasshen nama, dambun zogale a Yamai, har tsarabar da muka yi a babbar kasuwa, in ka zaro kuɗi sai ya ɓata rai ya ce "kuna ƙasata ku biya, mi kuka maishe ni?" Mu ma dama lissafin nasu yana ɗaure mana kai, ana ƙirga da dala, dala ɗaya sefa biyar, jika kuma sefa dubu, sai muka sakar masa komai. Wato tafiyar gaba ɗaya an yi ta ne ba a lissafi, kuma a cikin wannan yanayin bashin ya shigo.

A hanyar dawowa bayan mun wuce Madawa tiyon lagireto ya fashe ruwa ya tsiyaye ba wanda ya lura, inji ya ɗau zafi ya buga. Aka samo mota ta jawo mu har Maraɗi. Bakanike ya buɗe ya ce wannan ba na gyara ba ne sai dai a sauke a ɗora wani. Mai motar ya ce a bari ya koma Kano ya sayo a Ƙofar Ruwa ya aiko, yana da mutuminsa can da zai ba shi ya biya a hankali. Alhaji ya ce atafau, ga injina nan na motocin Kwatano birjik a gari, a gidansa abu ya faru shi zai tsaya. Ya shiga cikin gida ya fito, ya biya mai injin ya biya mai jan mota ya ba bakanike kuɗin aiki da na kayan da za a canza, duka jika ɗari huɗu, sefa 400,000 kenan. Mai motar ko taɓa kuɗin bai yi ba. Da ya fara godiya yana tambayar yadda za a yi sai Alhaji ya katse shi ya ce, "Bar wannan magana aboki, a kuɗinku bai wuce dubu ɗari biyar da 'yan kai ba, in Allah ya hore ka ba ni." Ina tsaye aka yi, iyakar abin da aka faɗa kenan, ba rubutu ba ranar biya. Muka hau ta haya muka dawo Kano a kan mai motar zai koma ya ɗauko abarsa in an gama ɗora injin.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Bazoum, Janar Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe boda, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar da take ba su alhali mafi yawan wutar Nijar daga nan take zuwa, ita Maraɗi ma layin da ya taso daga Katsina ne ke ba ta. Har maganar yaƙi aka yi, sai da malamai da sarakuna suka yi ta zarya zuwa Yamai, sanatocin arewa suka ce ba su yarda ba. Mutum dai in ya matsu zai iya hawa babur ya bi ta daji ya tsallaka, mutane sun yi ta yi duk da hatsarin da ke yankin Jibiya, amma mota mai lambar Najeriya da lasifasenta ya ƙare ba ta da hanya. Ta zauna a ƙofar gidan Alhaji.

A watannin farko waya ba ta yanke ba, kullum ana gaisawa ana jajanta wa juna. Mai motar da bakinsa ya ce wa Alhaji ya dinga tayar da ita yana ɗan zagayawa kada batir ya mutu. Sau ɗaya ya taɓo maganar kuɗin, ya ce ko ya nemi 'yan canji a Wapa su tura, don su hanyarsu ba ta taɓa rufuwa ba, Alhaji ya ce "haba, sai ka zo ɗaukar mota." Shi kuma ya ji daɗin jin haka, don gaskiyar magana ba shi da su. Rufe bodar da ta tsare motarsa ita ce ta kashe masa kasuwa, duk wanda ya san Kwari ya san yadda 'yan Nijar ke ɗauke kaya, shi kusan rabin masu saye a wurinsa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa suke, rana ɗaya ƙafarsu ta ɗauke, ga kuɗin makaranta ga shinkafa na hawa kullum.

Ita kuma naira tana ta gangarawa. Tun watan Yuni gwamnati ta sake ta kasuwa ta yi mata farashi, dalar Amurka da ake samu wajen naira 750 zuwa 800 a kasuwar bayan fage lokacin da muka yi tafiyar ta wuce 1,500 a watan Fabrairun 2024. Sefa kuwa ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, don haka duk takunkumin nan bai karya ta ba, jikar da muka canza naira dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ta haura dubu biyu ta doshi uku. Bashin da aka ce dubu ɗari biyar da 'yan kai ya zama miliyan ɗaya ba wanda ya ƙara ko sisi a kai. Kuma dukkansu 'yan kasuwa ne, kowa na jin farashin canji kullum safiya, kowa ya san abin da ke faruwa, amma ba wanda ya iya buɗe baki. Sai wayar ta fara ja baya, daga kullum ta koma Juma'a Juma'a, daga kira ta koma saƙon murya a WhatsApp, daga nan sai gaisuwar da ake turawa kowa da kowa.

Abin da ya fasa ƙurjin wani mutum ne da ya biyo ta daji ya shigo Kwari, cikin hira ya ce wa mai motar ai ya ga motarsa an yi mata ado ana kai amarya da ita. Ransa ya ɓaci ƙwarai, yana nan yana hawa Adaidaita da iyalinsa motarsa na can ana biki da ita. Ya faɗa a gida, uwargidansa ta ɗauki waya ta yi wa matar Alhaji saƙon murya mai zafi, waccan ta mayar da wanda ya fi shi, a ciki har da cewa ai jarin mijinta ne a cikin motar kuma yanzu ya kai miliyan. A bakin mata aka fara ambaton miliyan ɗin. Daga ranar aminan nan suka daina magana.

ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta ba da umarnin buɗe boda ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren bayan kwanaki kaɗan, ana cikin azumi. Boda ta buɗe amma mai motar ya ƙi tafiya. Ni na matsa mishi bayan Sallah, na ce ko don takardun motar ma dole a je, na kira Alhaji na ce muna tafe kuma ina so a samo wani babba a zauna. Ya ce limamin unguwarsu, mai motar ya yarda.

A zaman kowa ya faɗi nashi, kuma ni dai ban ga wanda ya yi ƙarya ba. Mai motar ya ce shi adadin da kunnensa ya ji naira ne, sefa ko ganinta bai yi ba, shi ya so ya sayo a Ƙofar Ruwa da naira aka hana shi, da an bar shi da yanzu naira ake bin sa, sannan mota ta yi wata da watanni ana morarta. Alhaji ya ce shi sefa ya zaro daga jarinsa, maganar naira ya yi ta ne don ya kwantar wa aboki da hankali ya ga abin ba shi da yawa, in ya karɓi dubu ɗari biyar yau ya canza rabin kuɗinsa kawai zai gani, kuma ko Kwari ya shiga da su turamen da za su saya ba su kai na bara ba tunda kaya sun bi dala. Maganar mota kuwa ya ce an ce ya dinga tayarwa, ya kai mara lafiya asibiti da ita, ya ba da ita an kai amaryar maƙwabci sau ɗaya don ba zai iya hanawa ba, kuma batir da taya biyu shi ya canza bai faɗa wa kowa ba.

Malam bai ja da nisa ba. Ya tambaye ni a matsayin wanda ke wurin, me aka ƙirga aka miƙa wa bakanike, na ce sefa. Ya ce toh bashi da irin abin da aka bayar ake mayarwa, an ba da jika ɗari huɗu jika ɗari huɗu ake bi, hawa ko saukar canji ba ya ƙarawa ba ya ragewa, ya ce majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma haka ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988. In kuma ana so a biya da naira ya halatta amma da farashin ranar da za a biya, ya kawo hadisin Ibn Umar da yake sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami aka ce masa ba laifi in da farashin ranar ne kuma ba a rabu da saura a tsakani ba. Ya juya wajen mai motar ya ce, "Da nairar ce ta yi sama, jikar ta koma naira ɗari biyar, za ka kawo masa dubu ɗari biyar ko ɗari biyu?" Mai motar ya yi shiru.

Amma bai ƙyale Alhaji ba. Ya ce tayar da mota daban ba da ita aro daban, kuma wanda ke bin mutum bashi shi ya fi kamata ya yi nesa da cin moriyar kayansa, don kada bashi ya jawo amfani. Ya karanta masa ayar da ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu, ya kuma tuna musu su biyun cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta cire aminai ba.

Ni a ganina hukuncin daidai ne, kuma ina kyautata zaton mai motar ya san haka tun kafin mu baro Kano, abin da ya hana shi zuwa kenan, ba ya so ya tsaya gaban mutumin da ya yi masa halacci ya ce ba ni da shi. Sai dai ba na jin daɗin yadda mutane in sun ji labarin suke saurin cewa ai ya so ya cinye kuɗin mutane ne. Mutumin nan bai ci bashi don ya yi jari ba, tsautsayi ne ya same shi a hanyar zuwa bikin ɗan'uwan abokinsa, aka yanke masa shawarar inda za a sayi inji, aka faɗa masa adadi da naira, sannan abubuwan da ba shi da hannu a ciki, juyin mulki da takunkumi da faɗuwar kuɗi, suka taru suka ninka masa nauyi a shekarar da kasuwarsa ta mutu. Alherin Alhaji na gaske ne, amma alherin da ba ya barin a yi magana yana da nashi nauyin, duk sanda aka taso da zancen kuɗi sai ya ce a bari, har zancen ya zama abin kunya, shi kuma a ransa yana lissafi tunda har iyalinsa sun san adadin. Da a watan Satumba ko Oktoba ɗayansu ya daure ya ce aboki kuɗin nan fa sefa ne, ga abin da na samu a rage, da an biya kaso mai yawa tun canji bai yi nisa ba. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba abin ɓoyo ba ne tsakanin mutanen da suke cin tuwo a kwano ɗaya.

Yadda aka rabu shi ne Alhaji da kansa ya ce ya yafe jika hamsin saboda hawan motar, kuɗin batir da taya kuma kyauta ne kada a sake ambatonsu. Saura ɗari uku da hamsin. Mai motar ya zo da naira dubu ɗari biyu da 'yan kai, aka kira ɗan canji a waya aka ji farashin ranar aka cire daidai abin da suka kama. Ragowar aka yarda duk zuwan da Alhaji zai yi Kano zai ɗebi kaya a shagon, a yi musu kuɗi da farashin da ake sayar wa kowa a ranar, a mayar sefa da canjin ranar a rage. Wannan ya yi wa mai motar sauƙi sosai don ribarsa na cikin kayan, bai kuma buƙaci ya nemo tsabar kuɗi ba. Malam ya sa aka rubuta a takarda biyu, ni da wani maƙwabci muka sa hannu. Takardar motar da wa'adinta ya wuce ta ɗan ba mu wahala wajen fita, Alhaji ne ya yi ta shiga da fita har aka daidaita, kuɗin wannan kam mai motar ya ce shi zai biya kuma aka bar shi ya biya.

Zuwan Alhaji na farko bayan nan a masaukin baƙi ya sauka a Fagge, ya ce wai don ya fi kusa da kasuwa. Mai motar ya je da daddare ya ɗauko jakarsa ya sa a but ya ce in ya ga dama ya biyo ta. Ya biyo ta. Bashin ya ƙare kafin azumin 2025, a daidai lokacin da Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ƙarshen Janairu, Alhaji na ci gaba da zuwa sari kamar da, duk wanda ya karɓi kaya ko kuɗi a wurin ɗan'uwansa yanzu sai ya tura saƙo a rubuce da adadi da irin kuɗin. Matan ne dai har yanzu ba su koma kamar da ba, ana aiko da cuku ana mayar da turare amma ta hannun mazan, saƙonnin muryar nan ba wadda ta manta da su. Akwai bikin babbar 'yar mai motar da ke tafe, na ce wa Alhaji lallai ya taho da iyalinsa, ita uwargidan kuma na sa tawa matar ta je ta same ta a kan ita ya kamata ta kira da bakinta ta yi gayyatar.